Injin juya faifai, kan allura ko akwatin fono: ina ya kamata kuɗinka su fi yawa?

Duk wanda ya yi niyyar haɗa kayan sauraren faifan garmaho, da ya fara tambayar farashi zai tarar da cewa aljihu ɗaya ne amma bakuna uku ke jiransa. Akwai injin da ke juya faifan, tare da hannun da ke ɗauke da allura. Akwai kan allurar, wanda masu harkar ke kira katirij. Sai akwatin fono, ɗan ƙaramin amfilifayan da ke karɓar siginar allura ya ɗaga ta kafin ta isa babban amfilifaya. Abin da ka ƙara wa ɗaya, daga bakin ɗan'uwansa ka cire shi.

Na ɗauka kana da amfilifaya da lasifika, kuɗin da ke hannunka na waɗannan ukun ne kawai. Zan lissafa su a matsayin kashi 100, ko nawa ne su, domin rabon ne ke ɗaure wa mutane kai. Alƙaluman rabon da za ka gani ra'ayina ne, daga abin da kunnena ya ji da abin da hannuna ya taɓa.

Aikin kowannensu

Tun da kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai a 1948, aikin injin bai sauya ba: ya juya faifan sau 33⅓ a minti ɗaya, ba gaggawa ba jinkiri, kuma ya yi shiru. Shirun nan shi ne mai tsada. Allura ba ta san bambancin kiɗa da girgizar moto ba. Duk abin da ya motsa ta, sauti ne a wurinta. In boris ɗin da farantin ɗora faifai ke zaune a kansa yana da ɗan kaushi, ko gaɓar hannun tana da wasa, allura za ta kwashe wannan ta miƙa gaba tare da muryar mawaƙi.

Kan allura shi ke mayar da motsi ya zama lantarki, kuma iri biyu ne suka cika kasuwa. Akwai wanda maganaɗisunsa ke motsi, ana ce masa MM, yana fitar da sigina mai ƙarfin milibolt (ɗaya cikin dubu na bolt) 3 zuwa 5 ko ɗan sama da haka, kuma ana zare allurarsa a sa sabuwa. Akwai wanda koyil ɗinsa, wato ɗan naɗin waya, ke motsi, MC ke nan. Mafi yawansu milibolt 0.2 zuwa 0.5 kawai suke bayarwa, allurarsu kuma ba ta zaruwa.

Fono aiki biyu gare shi. Na farko ɗaga siginar: kusan desibel 40 ga MM, wato ninki 100, da kusan desibel 60 ga MC, wato ninki 1,000. Na biyu mayar da sautin yadda yake. Lokacin yanka faifai ana rage kaurin sauti domin kada tsagar da allura ke bi ta cinye fili, ana ƙara siririn sauti domin ya rinjayi ƙarar saman faifan. Fono ne ke juya wannan, bisa ma'aunin RIAA da kamfanonin Amurka suka tsayar a 1954. Shi ya sa in ka haɗa inji kai tsaye da ramin da ba na fono ba, za ka ji sauti can ƙasa-ƙasa, siriri, ba kauri ko kaɗan.

Ma'aunan da zan bi

Na farko, wane aibi ne ba ya gyaruwa a gaba? Fono mai tsada ba zai daidaita saurin farantin da ke tangal-tangal ba, kuma ba zai dawo da abin da allura ta tsallake a cikin tsaga ba.

Na biyu, me ke daɗewa, me ke ƙarewa? Inji mai kyau yana shekaru 20 ko 30, abin da yake nema ɗigon mai ne da sabon bel lokaci-lokaci. Fono ba shi da abin da ke gogayya. Allura kuwa kullum cinyewa take yi. Kamfanin Audio-Technica ya ƙiyasta wa allurorinsa awa 500 ga mai zagayayyen baki, awa 300 ga mai baki kamar ƙwai, awa 800 ga irin Shibata, awa 1,000 ga mai siririn baki da suke kira ML. In kana saurare awa ɗaya kullum, awa 300 ba ta kai shekara ba. Saboda haka kuɗin allura ba sau ɗaya ake biyan su ba, kuma dole a sa wannan a lissafi tun ranar farko.

Na uku, dacewa. Tsinken da ke ɗauke da lu'ulu'un allura yana zaune ne a kan 'yar roba. Taushin robar da nauyin hannun su suke haɗuwa su ba da wani mizanin girgiza, wanda ake so ya faɗa tsakanin Hz 8 da 12, wato girgiza 8 zuwa 12 a daƙiƙa: sama da lanƙwasar faifai, ƙasa da inda kiɗa ke farawa. Kan allura mai taurin roba yana son hannu mai nauyi, mai taushin roba yana son marar nauyi. Haka kuma tsakanin kai da fono: MM yana son lodi, wato turjiyar lantarki da fono ke ba shi, na om 47,000, MC kuwa galibi wajen om 100 zuwa 'yan ɗaruruwa.

Na huɗu sauƙin saiti, na biyar haɗari: ga faifanka, da kuma ga aljihunka ranar da hannunka ya kuɓuce.

Kafin a fara rabo, ware kashi 10

Wannan ba na sassauci a kansa. Ɗan sikelin auna nauyin allura, takardar daidaita kusurwa, ma'aunin da ke nuna ko tebur ya karkace, burushin faifai, burushin allura, da hanyar wanke faifai ko da ta hannu ce. Kai mai araha da aka saita daidai ya fi mai tsada da aka ɗaura a karkace. Kuma a lura: allurar da aka yi wa sauƙin nauyi fiye da kima ta fi ɓata faifai a kan wadda aka ɗan danna, domin tsalle take yi a cikin tsagar tana dukan bangonta. In kamfani ya ce giram 2, a sa giram 2. Saura kashi 90 ke nan.

Rabo na farko: inji ya ɗauki kaso mafi tsoka

Inji da hannu 65, kan allura 15, fono 10.

Wannan ita ce hanyar da Ivor Tiefenbrun ya yi ta kira gare ta a farkon shekarun 1970, lokacin da ya fito da injinsa Linn Sondek LP12 a Gilasgo. A zamanin mutane sun ɗauka lasifika ce komai, shi kuwa ya ce abin da ya ɓace tun daga tushe babu mai dawo da shi. Ko ba ka yarda da duk abin da ya faɗa ba, a wannan gaɓar yana da gaskiya.

Abin da kuɗin ke saya maka a nan ba ya ɗaukar ido: boris mai santsi, moto mai shiru, faranti mai nauyi, da hannun da gaɓoɓinsa ba su da wasa kuma ba su da tauri. Riƙe kan hannun da yatsu biyu ka ɗan ja shi gaba da baya a hankali. In ka ji wani ɗan ƙas-ƙas, wannan wasan a cikin sautinka zai ƙare. Hannun Rega RB300 da ya fito a 1983 ya yi suna ne saboda an zuba bututunsa da mazaunin kan allura a matsayin abu ɗaya, ba mahaɗa a tsakani. Batun ko mai bel ya fi, ko wanda moto ke juya farantinsa kai tsaye kamar yadda Technics ya soma da SP-10 a 1970, ba zan tsaya a kansa ba. Kowanne akwai mai kyau akwai marar kyau.

Daɗewa: nan ta fi ko'ina. Sauƙi: yawancin irin waɗannan injuna suna zuwa da kan MM a ɗaure, an riga an daidaita shi. Haɗari: kaɗan ne, don in allura ta karye, ƙaramin kuɗi ne. Aibinsa ɗaya: a watannin farko ba za ka ji duk abin da ka saya ba, domin allurar da ke kai ba ta kai injin ba. Amma gyaran wannan yana da sauƙi, kuma shi ne ya kai mu ga rabo na biyu.

Rabo na biyu: a fifita allura

Inji da hannu 45, kan allura 35, fono 10.

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne kunne ya fi saurin jin bambanci. Faifai yana juyawa da sauri ɗaya, amma tsagar da ke bakin waje tana wucewa ƙarƙashin allura da kusan santimita 50 a daƙiƙa, ta can ciki kusa da takardar suna kuwa wajen santimita 20 kawai. Kiɗan daƙiƙa ɗaya ke nan an cusa shi a fili da bai kai rabi ba. Lanƙwashe-lanƙwashen tsagar sun matsu, allura mai kaurin baki ba ta iya bin su duka. Shi ya sa waƙar ƙarshe ta kowane gefe ta fi yawan kaushi.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan wani faifai da nake ƙauna. A waƙarsa ta ƙarshe, duk inda mawaƙiyar ta furta harafin sa, sai in ji kamar ana yaga ƙyalle. Na wanke shi ya fi a ƙirga, har na fidda rai na ce wanda ya riga ni mallakarsa ya cinye shi. Ranar da na zare allura mai baki kamar ƙwai na sa mai siririn baki a kan katirij ɗin nan dai, ban taɓa komai ba sai wannan, muryar ta fito tas har ƙarshen gefen. Na ɗaga hannun na mayar da shi farkon waƙar sau uku a daren.

Abin da nake so a gane shi ne, siffar bakin allura ta fi sunan katirij muhimmanci. Jerin AT-VM95 na Audio-Technica jiki ɗaya ne, allurorin ne suka bambanta: C, E, EN, ML da SH, kowacce tana shiga mazaunin 'yar'uwarta. Haka Ortofon na Denmak: allurar 2M Blue tana hawa jikin 2M Red, ta Black kuma tana hawa jikin Bronze. Bakin Shibata kansa an ƙirƙiro shi ne a JVC a farkon shekarun 1970 domin faifai masu tashoshi huɗu, waɗanda ke ɗauke da sigina mai tsananin sirantaka. Faifan sun shuɗe, bakin allurar ya zauna. In kuma ka raba farashi da awannin aiki, allura mai awa 1,000 ba ta kai tsadar da take nunawa a kanti ba, don za ka sayi mai awa 300 sau uku kafin ita ta ƙare.

To ina matsalar? Tana wurin hannu. Siririn baki ba ya yafe karkata. Yana son a daidaita kusurwa sosai, yana son hannun da ake iya saita nauyinsa da abin hana shi zamewa ciki, in da hali har da tsayinsa. Ɗora katirij mai tsada a kan hannu mai wasa, linzami ne ya fi ƙarfin bakin kaza. Kuma wasu injunan masu araha, kamar AT-LP60X, ba a cire katirij ɗinsu, ba a kuma saita nauyin allurarsu, don haka wannan rabon bai shafe su ba sam. Ƙa'idata ita ce kada kuɗin kai su wuce na inji da hannu.

Daɗewa: matsakaiciya, don kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka yana kan abin da ke cinyewa. Haɗari: ya ƙaru. Na taɓa share ƙura da tsumma, zare ɗaya ya kama tsinken, kafin in ankara ya karkace gefe. Da yake MM ne, na zare na sa wata cikin minti biyu, amma kuɗin sun tafi.

Rabo na uku: hanyar MC

Inji da hannu 40, kan allura 25, fono 25.

Masu son MC suna da hujja. Koyil ɗin da ke motsi ƙarami ne, ba nauyi, kuma mai kyau a cikinsu yana fitar da ƙananan abubuwa a kiɗa cikin natsuwa. Denon DL-103, wanda aka yi a 1962 tare da gidan rediyon NHK na Japan, har yau ana ƙera shi ana saye. Amma dubi abin da yake nema: milibolt 0.3 yake bayarwa, yana taka faifai da giram 2.5, robarsa mai tauri ce don haka yana son hannu mai nauyi. Ka ga ya zaɓar maka hannu, ya kuma zaɓar maka fono.

Nan ne kawai fono ya cancanci babban kaso. In za ka ninka sigina sau 1,000, to ƙarar shuu ta kayan lantarkin da ƙugin wuta su ma sun sami wannan ninkin. Fono mai araha da aka manna masa maɓallin MC yakan yi aikin, amma a wuraren da kiɗa ya yi sanyi za ka ji shuu ɗin a bayansa. Mafita biyu ce: fono mai shiru da ake sauya lodinsa, ko ƙaramar taransifoma mai ninka sigina sau 10 a gaban fono na MM. Duka biyun kuɗi ne.

Sauƙi: nan ya fi wuya. Haɗari: nan ya fi yawa, domin in tsinke ya karye ko lu'ulu'u ya cinye, sai dai a mayar wa kamfani a yi musaya da ƙarin kuɗi, ko a aika wa mai dasa sabon baki a jira. In kuɗin gaba ɗaya ba su da yawa, wannan rabon yana raunana injin domin ya ciyar da abu biyu, kuma ban ga ribar hakan ba. Wanda ke son ɗanɗana MC ba tare da sauya fono ba, akwai masu ƙarfin fitarwa kamar Denon DL-110 mai milibolt 1.6, wanda ke aiki da ramin MM.

Rabo na huɗu: tsohon inji da aka yi amfani da shi

Inji 35, gyara 10, kan allura 30, fono 15.

Injuna irin su Technics SL-1200MK2 na 1979, da Thorens da Dual da Rega Planar 3 na shekarun 1970 da 1980, an yi su da yawa kuma da ƙwari. In ka dace, kana samun ingancin rabo na farko da allurar rabo na biyu a lokaci guda. In ba ka dace ba, ka sayi aiki. Cire bel in mai bel ne, ka juya farantin da yatsa ka saurara: ya kamata ya daɗe yana juyawa shiru. Duba wasan hannu. Ka tabbata tashoshin hagu da dama duka suna fita. Allurar da ta zo da shi kuwa, kada ta taɓa faifanka ko sau ɗaya, domin ba ka san awannin da ta yi ba, kuma allurar da ta cinye ba ta nuna alama sai ta gama ɓarna.

Kalma biyu a kan fono ga mai MM

Duba bayan amfilifayanka. In akwai rami mai sunan fono da ɗan sukurun ɗaura wayar ƙasa a gefensa, fara da shi, ka mayar da kashi 10 ɗin kan allura. Wasu injunan ma, kamar AT-LP120XUSB da Rega Planar 1 Plus, suna zuwa da fono a ciki. Abu ɗaya da ya kamata a kula da shi shi ne kafasitans, wato yawan cajin lantarki da abu ke riƙewa, na waya da na fono in an haɗa su: Audio-Technica na son fikofarad 100 zuwa 200, in ya wuce haka sosai siririn sauti yakan yi tsini. Gajeriyar waya mai kyau takan warware wannan. Ƙugi kuma, sau da yawa wayar ƙasa ce ba a ɗaura ba, ko an ajiye fono a jikin taransifomar amfilifaya. Matsar da shi taƙi ɗaya kafin ka yi tunanin sayen wani.

| Rabo | Inji | Kai | Fono | Saiti da tsafta | Daɗewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Inji a gaba | 65 | 15 | 10 | 10 | Sosai | Mai sauƙi | Kaɗan |
| Allura a gaba | 45 | 35 | 10 | 10 | Matsakaici | Yana son saiti | Matsakaici |
| Hanyar MC | 40 | 25 | 25 | 10 | Allura ba ta zaruwa | Mai wuya | Babba |
| Tsohon inji | 35 da 10 na gyara | 30 | 15 | 10 | Ya danganta da sa'a | Yana son ido | Babba wajen saye |

Wanne ne naka?

In yanzu kake farawa kuma kana sa ran ƙara kuɗi nan gaba, ɗauki rabo na farko. Ka saurara da allurar da ta zo da shi har ta ƙare, sannan ka sa mai siririn baki a jikin nan. Wannan ita ce hanyar da nake nuna wa mafi yawan masu tambayata, domin ba abin da za ka saya sau biyu.

In sau ɗaya za ka kashe kuɗin ba ka da niyyar komawa, kuma kana da haƙurin zama da takardar kusurwa na awa ɗaya, rabo na biyu zai fi ba ka daɗin sauti tun daren farko. Haka wanda ya riga ya mallaki inji mai hannun kirki: kuɗinsa su tafi kan allura.

In faifanka tsofaffi ne da suka sha hannu, ko akwai yara a gidan, ko wasu ma suna taɓa injin, tsaya a MM mai allura marar tsada. Zagayayyen baki yana haƙuri da karkata, kuma sauya shi ba ya sa ciwon kai. Amma a guji 'yan injunan nan masu kama da akwatin tafiya, waɗanda allurarsu ke danna faifai da giram 5 ko fiye. Araha ba ta ado, balle a kan faifan da ba lallai ka sake samun irinsa ba.

In kana da faifai masu yawa da ka kula da su, injinka da hannunsa sun riga sun kai, lasifikarka kuma tana iya nuna ƙaramin bambanci, to lokacin MC ya yi, kuma ka sayi fono tare da shi a lissafi ɗaya.

In hannunka ya saba da sukundireba kuma za ka iya gwada injin kafin ka biya, tsohon inji ya fi kowanne riba. Ka tafi da faifai ɗaya da ka san shi sosai amma ba ka jin zafin rasa shi, da sabuwar allura a aljihu in ka san irin katirij ɗin da ke kai, ka sa waƙar ƙarshe ta gefen farko ka saurara.